Zaren da ba ya ruɓewa

(Wakilinmu na ma'aikatar yaƙi da jahilci ne ya yi wannan jawabi a bakin kogi, a Yamai, gaban masunta da mata masu sayar da kifi da ɗaliban karatun manya. Mun buga shi don malamai su karanta shi tare da ɗalibansu a ƙauyuka.)



Mai gari, ranka ya daɗe. Sarkin ruwa, Allah ya ja zamaninka. Iyayena maza da mata, ƴan uwana masunta, malamai da ɗalibai, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar aikinku kuka zo.

Ni ba masunci ba ne. Aikina allo da alli da alƙalami. Ban isa in koya wa Sorkawa kamun kifi ba. Abin da idona ya gani, da abin da na karanta, su na kawo muku. In na yi kuskure, dattawa su gyara mini.

Ku dubi abin nan da na riƙe. Dunƙulen zaren roba ne. Da safen nan na tsinto shi a bakin ruwa, tsakanin gadar Kenedi da Gamkalle. Ban yi tafiyar rabin awa ba na cika buhu. Akwai zaren fatsa a ciki, akwai guntun mamari da ƙugiyoyinsa, akwai yagaggiyar raga. Ku miƙa shi hannu hannu, kowa ya gani. Ku yi hankali da ƙugiya. Wannan ɗan farin abin da ke tsakiya ƙashi ne. Ƙafar tsuntsu ce. Tsuntsun ya mutu, namansa ya ruɓe, gashinsa iska ta kwashe. Amma zaren da ya kashe shi ga shi nan, sai ka ce jiya aka saye shi a kasuwa.

Maganar da ta kawo ni ke nan.

Zaren da da zaren yanzu

Dattawan da ke nan sun san lokacin da ake saƙa raga da zaren auduga da igiyar rama. Wahala ce babba. A murza, a saƙa, a shanya kullum, in ba haka ba ta ruɓe. Amma wannan ruɓewar tana da amfani guda. In raga ta maƙale a dutse ta ɓace, ba ta daɗewa. Ruwa ya cinye ta, ta koma ƙasa, shi ke nan.

Zaren roba, wanda ake kira nailan, ba tsiro ba ne. A Amurka aka ƙago shi a shekarar 1935, a wani kamfani mai suna DuPont. Bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu cikin duniya, har ya iso kogunanmu. Masunta suka karɓe shi hannu biyu biyu, kuma suna da gaskiya. Ba shi da nauyi. Yana da ƙarfi. Ba ya buƙatar shanya. Ga shi garau kamar ruwa, kifi ba ya ganinsa. Ni ban zo in ce ku daina aiki da shi ba. Wanda ya ce muku haka bai san kuɗin hatsi ba.

To, amma ku lura. Abin da ya sa zaren ya yi kyau a hannun masunci, shi ne ya sa ya zama bala'i in an yar da shi. Kifi ba ya ganinsa, tsuntsu ma ba ya ganinsa. Ba ya tsinkewa da sauƙi, don haka dabbar da ta shiga ba ta fita. Ba ya ruɓewa, don haka ba ranar da zai daina kamu.

Masana sun yi ƙiyasi cewa zaren fatsa na roba yana iya kai shekara 600 cikin ruwa kafin ya ƙare. Ƙiyasi ne, don zaren kansa bai cika shekara 100 a duniya ba, ba wanda ya zauna ya jira. Amma bari mu yi lissafi irin na aji. Askiya Muhammadu ya hau sarautar Songai a shekarar 1493. Da a ce akwai zaren roba a zamaninsa, wani masuncinsa ya yar da guntu a kogin nan, da har yau yana nan yana jiran ƙafar wani.

Ragar da ba ta da mai ita

Ku masunta kun fi ni sanin yadda raga take ɓacewa. Ta maƙale a dutse ko a itacen da ya nutse. Dorina ta bi ta kanta ta yaga. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure ta naɗe ta, ta ja ta. Ko ambaliya ta zo, irin ta 2012 da ta 2020, ta kwashe kayan mutane gaba ɗaya. Wannan ba laifin kowa ba ne. Ba masuncin da yake son asarar ragarsa.

Amma akwai wata hanyar, kuma ita ce ta fi yawa. Mutum yana zaune a inuwa yana gyaran raga. Ya yanke inda ya lalace ya jefar. Mamari ya harɗe, ya ga warwarewa ɓata lokaci ne, ya datse ya saki cikin ruwa. Yaro ya zo fatsa, zare ya maƙale a reshe, ya fizge ya bar sauran yana lilo. Raga ta tsufa, a bar ta a bakin gaɓa, ruwa ya ƙaru ya ɗauke ta. Wannan kam a hannunmu yake.

Me raga take yi bayan ta bar hannun mai ita? Ba ta hutawa. Tana ci gaba da kamu dare da rana. Karfasa ta shiga, ta mutu. Warin mushe ya jawo tarwaɗa da ƙurungu, su ma su shiga. Kififiya ta zo cin kifin, ta sarƙe. Nauyi ya yi yawa, raga ta nutse ƙasa. In mushen ya ruɓe, ta yi sauƙi, ta sake buɗewa, ta sake kamu. Haka za ta yi ta yi. Wannan kifin ba wanda ya ci, ba wanda ya sayar. Iyaye mata masu sayar da kifi a kasuwar Jamaje, kifinku ne ke ruɓewa a ƙarƙashin ruwa.

A ranar 7 ga Disamba 1998 ƙasarmu ta kafa dokar kamun kifi. Dokar ta hana zuba dafi a ruwa, ta hana nakiya, ta hana raga mai idon da bai kai yatsa uku ba, don ƙananan kifi su samu su girma. Masunci yana iya jin tsoron ma'aikatan gandun daji ya bi doka. Sarkin ruwa yana iya cewa wuri kaza an rufe shi sai wata kaza, kowa ya bi. Amma ragar da aka yar ba ta san doka ba, ba ta san sarkin ruwa ba. Ba ta sakin ƙaramin kifi. Ba ta barin mai ƙwai.

Tsuntsaye da ayu

Bari in gaya muku abin da na gani bara da rani, kusa da gonakin shinkafa na Saga. Na tarar da zalɓe tsaye a wuri ɗaya. Na matsa kusa, bai tashi ba. Ashe zare ne ya naɗe masa ƙafa da fiffike, ɗaya bakin zaren kuma yana ɗaure a kututture. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Duk lokacin da ya fizga, zaren sai ya ƙara shiga cikin nama. Da ni da wani yaro mai kiwo muka rufe masa kai da riga, muka yanke zaren. Ya yi ɗingishi ya shiga ruwa. Ban ga alamar ƙafar nan za ta warke ba.

Haka zaren yake yi. Ba ya kashewa nan take. Yana datse jini a hankali har ƙafa ta mutu ta faɗi. In a baki ya naɗe, tsuntsu ya kasa cin abinci, yunwa ta kashe shi. Wani tsuntsun kuma da kansa yake ɗaukar zaren ya kai sheƙa, yana tsammani ciyawa ce. Ƴaƴansa su ƙyanƙyashe su sarƙe a ciki. Kirinjijiya da dinya da balbela da gauraka, duk masu yawo a bakin ruwa ne, duk zaren yana samunsu. Akwai kuma baƙi. Kowace shekara, in sanyi ya shiga Turai, agwagin daji da wasu tsuntsaye suna ƙetare teku da hamada su sauka a koginmu da tafkunanmu. Su yi wannan doguwar tafiya lafiya, sannan guntun zare mai tsawon kamu biyu ya kashe su a nan.

Wani zai ce, to mene ne ruwanmu da tsuntsu? Manoman shinkafa su ba shi amsa. Balbela da shamuwa fara suke ci da tsutsa. In sun ragu, wa zai yi wannan aikin? Sai a sayi magani da kuɗi.

Sai maganar ayu. Ku Sorkawa kun san shi fiye da kowa. Yaran yanzu da yawa labarinsa kawai suke ji. Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, ciyawa yake ci, irin su burgu. Dole ya ɗago hanci sama ya shaƙi iska, kamar ni da kai. In tsohuwar raga ta riƙe shi a ƙasa, ruwa ne zai kashe shi. Kuma ayu ba ya haihuwa da yawa. Macen tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta daɗe tana renonsa kafin ta sake. In an rasa uwa ɗaya, an yi babbar asara. Shi ya sa dokar farauta ta 1998 ta sa shi cikin dabbobin da aka hana kashewa sam. Akwai sauran ayu wajen gandun dajin W da wajen Gaya. Ruwan da ya wuce gabanmu yau, can ya nufa, da duk abin da muka zuba masa.

Kogin nan yana tafiyar kilomita wajen 550 cikin ƙasarmu, daga iyakar Mali wajen Ayoru har Gaya. Daga nan ya shiga Najeriya, ya bi ta Yawuri da Lokoja ya faɗa teku. A shekarar 2009 hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta abinci da ta muhalli, sun fitar da rahoto a kan kayan kamun kifi da ake yarwa. An ƙiyasta sun kai tan dubu 640 kowace shekara a tekunan duniya. In babbar mota tana ɗaukar tan 30, ku ɗalibai ku raba mu gani. Ya fi mota dubu 21.

Abin bai tsaya ga dabbobin daji ba. Saniya ta zo shan ruwa, zare ya naɗe mata kofato, ta gurgunce. Akuya ta haɗiye shi tare da ciyawa. Ku tambayi mahauta irin abin da suke tararwa a tumbin dabba: leda da zare a dunƙule. Tun a ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa dokar hana ledar nan marar kauri, amma kowa ya san har yanzu tana rataye a kan ƙaya. Mai jirgin inji, zare ya naɗe masa farfela a tsakiyar ruwa. Mata masu wanki da yara masu wanka su taka ƙugiya mai tsatsa. In haka ta faru, kada ku tsaya maganin gida. Ku kai yaro likita a cire, a yi masa allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandare jiki da haƙora. Kuma in rana ta daɗe tana dukan zaren, yana farfashewa ƙanana ƙanana, har ido ba ya gani. Bai ƙare ba, ya dai ɓuya. Kifi yana haɗiye shi. Kada mu manta, ruwan famfon Yamai daga kogin nan ake jawo shi, a Gudel.

Yadda wasu suka yi

Ba mu kaɗai ne da wannan matsala ba. A jihar Fulorida ta Amurka akwai ɗan uwan ayu ɗinmu, kuma zaren fatsa yana datse masa hannu. A shekarar 1999 mutanen wurin suka fara kafa bututun roba a bakin ruwa, inda masu fatsa suke tsayawa. Kowa ya gama, ya cusa tsohon zarensa a ciki. A tattara a aika wa wani kamfani mai suna Berkley, wanda ya fara karɓar tsohon zare tun 1990. Can a narka shi a yi wasu kayan roba, kamar akwatin ajiye ƙugiya.

Amurka ta yi nisa, kuma suna da kuɗi. Ga na kusa. A kudancin Kamaru akwai wani tafki mai suna Osa. Akwai ayu a cikinsa, akwai masunta talakawa irinmu, kuma tsofaffin raguna sun cika shi. A shekarar 2015 aka kai musu wani shiri mai suna Net-Works, wanda aka fara a ƙasar Filifin a 2012. Masunta suka shiga tsamo tsofaffin raguna, su wanke, su shanya, a auna a biya su. Kuɗin ya shiga asusun ƙungiyarsu ta ƙauye, irin adashen da matanmu suke yi. Ragunan kuma aka ɗaure su dami dami aka kai ƙasar Silobeniya a Turai. Can aka mai da su sabon zare, aka saƙa darduma da shi.

Na ga wani ya ɗaga hannu. Na san tambayar. Nawa za a biya mu kilo? Baba, gaskiya zan faɗa maka. Ban zo da kuɗi ba, ban zo da mai saye ba. Ba na so in yi muku alkawarin da ba zan cika ba, kun sha irinsa. Amma ku lura da abu ɗaya a labarin Kamaru. Ba mai turo mota don guntun zare ɗaya. Sai an tara, an wanke, an san nauyinsa, sannan ake maganar ciniki. Kuma ko ba a sayar ba, ragar da aka tsamo ta daina cin kifinku. Wannan ribar tun ranar farko take farawa.

Mu ma ba baƙi ba ne wajen mai da tsohon abu sabo. Ku je kasuwar Katako ku gani. Ana narka tsofaffin gwangwanaye a zuba tukwane. Tsohuwar taya ta zama guga da takalmi. Tsohuwar raga ma tana da aiki. In an murɗa ta da kyau tana yin igiya mai ƙarfi, ta ɗaurin kaya ko ta turke. Mai kauri tana yin ragar gola ta ƙwallon yara, tana yin ragar ɗaukar ciyawa a amalanke. Ƙugiya mai kyau a cire a wasa ta. Dalmar da ke jikin raga a cire a sa wa sabuwa. Dalma guba ce. Tsuntsun da ya haɗiye ta yana tsammani tsakuwa ce, mutuwa zai yi. A Ingila sai da aka hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 saboda wasu manyan agwagin ruwa da take kashewa.

Ina da jan kunne biyu. Wasu suna shimfiɗa siririyar raga a kan lambu ko gonar shinkafa, su bar ta har bayan girbi. Wannan tarko ne kawai aka ɗauko daga ruwa aka kai tudu. In kun sa, ku riƙa dubawa, in an gama ku naɗe. Na biyu, kada ku ƙona zaren roba, balle a murhun girki ko wajen banda kifi. Hayaƙinsa yana cutar ƙirji, kuma in ya narke ya ɗiga a jiki yana manne wa fata. Wanda ba ya moruwa, a yayyanka shi guntu guntu, kada ya wuce tsawon yatsa. Guntu irin wannan ba ya naɗe ƙafa. A ƙulle a buhu. In ba inda za a kai, a haƙa rami mai zurfi a tudu, nesa da inda ruwa yake kaiwa, a binne.

Yaushe za a yi aikin? Kogi da kansa ya ba mu lokaci. A nan Yamai ruwa sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba. Akwai baƙin ruwa mai zuwa daga Gini, wanda yake ratsa Mali ya iso mana da sanyi, wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni. Manya suna tuna Yunin 1985, da kogi ya tsaya cak, mutane suka ƙetare da ƙafa. To, lokacin janyewar ruwa duwatsu da kututture suke fitowa, duk abin da ya maƙale a jikinsu a gan shi. In ba a kwashe ba kafin ruwan farko, jan ruwa zai zo ya tafi da shi.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kowane jirgi ya rataya buhu ɗaya. Abin da aka yanke ya shiga buhu, kada ya shiga ruwa. A inda ake ɗaure jirage a ajiye tsohon tano mai murfi, a huda ƙasansa don ruwan sama ya fita. Wanda ragarsa ta maƙale ya kasa cirewa, ya sa alama, ya gaya wa sarkin ruwa, in ruwa ya ja a je a ciro. Wanda ya tarar da tsuntsu a sarƙe, ya fara rufe masa kai da tsumma. Ku kiyayi bakin zalɓe, ido yake nema. In ayu ne ko kada ko dorina, kada ku yi kasada, ku kira ma'aikatan gandun daji.

Ku kuma ɗaliban karatun manya, ga inda karatunku zai yi rana. A samu littafi ɗaya. Duk ranar da aka juye tano, a auna da sikelin kifi, a rubuta kwanan wata da kilo nawa. In an ga dabba a sarƙe, a rubuta wace iri ce, kuma a ina. Ranar da za ku je wurin magajin gari neman taimako, ko wani mai saye ya zo, ba za ku ce “da yawa” ba. Za ku buɗe littafi ku ce kilo kaza cikin wata kaza.

Masu karanta wannan a Madarumfa da Tabalak da bakin Komadugu da tafkin Cadi, har da masu ƙaramin tafkin da ake zuba wa kifi da damina, maganar taku ce ku ma. Ku ma kun fi mu shiga uku, don ruwan tafki ba ya tafiya ko'ina. Abin da kuka yar yana nan tare da ku. Malamai, in kun gama karatun nan da ɗalibai, ku fita bakin ruwa tare ku duba, ku rubuto wa jarida abin da kuka samu. Za mu buga.

Mu na nan kuma, sarkin ruwa ya yarda mu haɗu ranar Lahadi da hantsi a gindin wancan itacen. Kowa ya zo da wuƙa da buhu. Yara su zo da takalmi, wanda ba shi da takalmi ya tsaya a tudu ya riƙe buhu. Littafi da alƙalami ni zan kawo. A miƙo mini dunƙulen nan, shi za mu fara aunawa.